Itacen Kabarin Iya

Dukanmu na Allah ne, kuma wurinsa za mu tattara. Iya, uwar maigidana, ta riga mu a bazarar da ta wuce, wata rana da hantsi, tana zaune a bakin ɗakinta tana tsince gero a faifai. Ba ta yi jinya ba. Ta ce in miƙo mata ruwa, kafin in juyo da moɗa ta jingina da danga, faifan ya zame daga cinyarta. Kafin la'asar maza sun kai ta sun dawo.

Gidanmu ya cika da masu gaisuwa, daga cikin Gure da ƙauyukan da ke kewaye. Ina zaune cikin mata da tsohon ciki, yarona a jikina, ina amsa "ya haƙuri" har bakina ya bushe, ina kuma jin abin da ake faɗa ƙasa-ƙasa. Wata maƙwabciyarmu, wadda tunda nake ban taɓa ganin ta sa hannu a ƙwaryar Iya ba, ta ja dogon numfashi ta ce, "Allah ya jiƙanta, ya yafe mata wannan kiwo nata." Wasu suka amsa da amin. Wata dattijuwa daga Kelle ta tambaya a wane gefe randar kiwon take, da aka nuna mata bayan ɗaki sai ta ja tabarmarta ta koma can kusa da turmi. Na dube su ɗaya bayan ɗaya. A cikin masu cewa amin ɗin nan na san waɗanda 'ya'yansu ke gudu a waje saboda abin da ke cikin randar, kuma su ma sun san na sani.

Mutum ɗaya ce ta yi abin da ya karya mini zuciya. Wata Bafulatana ce daga wajen Alakos, ta iso washegari da ƙura har gwiwa, tana riƙe da hannun 'yarta. Ba ta gaida kowa ba. Ta wuce tsakiyar mata kai tsaye zuwa bayan ɗakin Iya, ta durƙusa gaban randar, ta dafa ta da hannu biyu tana kuka. A zaure kuwa ƙanen Iya, wanda duk gidan muke kira Kawu, yana zaune ya haɗa kai da gwiwa, ba ya ko ɗago ido ya amsa gaisuwa.

Abin da ya sa nake so a ji labarin Iya shi ne na san halin mutanen garinmu. Nan da 'yan shekaru abin da za a riƙe nata kawai "tsohuwa mai ƙwari", a riƙa tsorata yara da sunan. Ni na zauna da ita, na sha faɗanta, na ga aikinta. Kuma ranar da ta rasu, ran yarona yana rataye ne da wannan randa.

Tsohuwar randa ce mai tsaga a gefe, an binne rabinta a ƙasa a inuwar bayan ɗaki, an rufe bakinta da faifai da dutse. A ciki Iya ke kiwon wani baƙin ƙwaro mai sheƙi, namijinsa da ɗan ƙaho a goshi. Ƙwarin su yi ƙwai cikin ruɓaɓɓen itacen da ta cika randar da shi, ƙwan ya fashe ya zama gwazarma, farar tsutsa mai kauri kamar babban yatsa. Idan aka kawo mata yaro mai tamowa, wanda ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja, sai ta zaɓi masu ƙiba, ta sa su cikin dusa su kwana cikinsu ya wanke, ta yi bisimilla ta tsinke kawunansu, ta gasa a kasko har mai ya fito, ta daka da gero ta dama kunu. Kullum tana barin wasu su girma su zama ƙwaro, su ne iri, ba a taɓa su ko wa aka kawo. Wurin kakarta ta gaji abin. Kowace safiya, bayan salla, kafin ta gaida kowa, sai ta durƙusa ta kara kunne a jikin randar. In ta ji ƙus-ƙus ɗin cinsu sai ta miƙe ta ce, "Alhamdulillahi, garke shina kiwo."

Duk wahalar aikin kuwa a wurin itace take. Gwazarmar da kowa ya sani ta juji ce, mai cin kashin dabbobi, shi ya sa ake tofar da yawu in an ambace ta. Ta Iya ba ta taɓa sanin juji ba. "Abin da ta ci, shi yaro za ya ci," haka take cewa, kuma a kan wannan ba ta da sassauci. Ba ta yarda da tumfafiya ba saboda dafin nononta, ba ta yarda da goriba ba, wai gwazarmarta ruwa ce zalla babu mai. Itace mai ƙarfi take so, gawo ko magarya ko kanya, wanda fumfuna ta shiga ta cinye ƙarfinsa a hankali.

Ina sabuwar amarya ta fara koya mini, da faɗa, don Iya ba ta iya koyarwa da lallashi ba. Ta miƙo mini guntun itace ta ce, "Sa farce. Ya shiga? To ja." In ya biyo hannu zare-zare, fari, da ɗan damshi, ka matsa ya dunƙule amma bai ɗiga ba, sai a kai hanci. Mai kyau yana ƙamshin ƙasa ranar ruwan fari, na farkon damina. Mai launin ja, wanda ke ɓarewa gutsi-gutsi yana tsami, wannan kashe su yake. Mai baƙi da yauƙi ruwa ya yi masa yawa. Wanda aka ga ƙasa a cikinsa kuwa gara ta riga ta shiga, in ya kwana a randa an yi asarar garke. Ranar da na kawo mata mai ja ina murna, ta sunsuna ta jefa shi bayan danga ta ce, "Ke 'yar nan, hancin naki na ado ne? Da shi aka biya sadaki, ki yi aiki da shi."

A ƙasarmu ta rairayi itace ba ya ruɓa don kansa. Rana ta busar da shi, ko gara ta riga kowa. Don haka Iya ita ke nunar da nata. A kwarin da ke gabas da gari, ƙarƙashin dabinai, a gefen da kanwa ba ta kai ba, ta jera gumagumai masu tsawon kamu biyu, rabinsu a cikin ƙasa mai damshi. Kowanne ta tsaga bakinsa ta cusa guntun tsohon mai fari, yadda ake zuba tsohon nono cikin sabuwar madara don ta kama. Ta kewaye su da toka saboda gara, ta rufe da ganye, da rani ta ɗebo ruwan rijiya ta yayyafa. Sai gungume ya ga damina uku ko huɗu kafin laimar kwaɗi ta tsiro a bayansa, alamar ciki ya nuna. Daga waje kuwa yana nan da ɓawonsa kamar lafiyayye.

A kan waɗannan gumagumai suka yi faɗa da Kawu, faɗan da duk Gure ta ji. Kawu masassaƙi ne, shi yana yawon neman itace mai lafiya, yayarsa tana neman marar lafiya, kuma kullum suna tsokanar juna a kan haka. Wata rana ya ratsa kwari ya ga sabon gungumen gawo a kwance, ya ɗora wa jaki ya tafi da shi, zai sassaƙa akushi. Dama an daɗe ana yi wa Iya ɗauki ɗai-ɗai, mata masu neman makamashi su zare ɗaya su wuce. Ta bi sawun jakin har rumfarsa, ranar kasuwa ce, mutane cike. Ina bayanta ina ba ta haƙuri.

"Kai autan uwata," ta ce, "ka san abin da ka ɗauko?"

"Itace na ɗauko, Yaya. Na gan shi yashe, zan miki akushi ma in kina so."

"Itacen kabarina ne. Likkafanina shina cikin tukunya, itacena shina kwari, na tanada don kar in wahal da kowa ranar. Sassaƙa akushinka, ka ci tuwo a ciki."

Gizago ya faɗi daga hannun Kawu. Kowa ya san tsofaffi na ajiye likkafaninsu, kuma kowa ya san da gajerun itatuwa irin waɗannan ake rufe ramin kabari kafin a zuba ƙasa, tsawon ma daidai. Kawu da kansa ya mayar da gungumen inda ya ɗauko, yana hawaye. A hanyarmu ta komawa Iya ta yi dariya har ta dafa kafaɗata, ta ce, "Daga yau ko kara ba mai taɓa mini." Na ce, "Iya, ba kya tsoron irin wannan magana?" Ta ce, "Mutuwa ba ta jira a kira ta, 'yar nan. Ke dai ki riƙe bakinki." Na riƙe. Dabarar ta yi aiki shekara da shekaru, har yara ke kauce wa wurin. Kawu ya koma shi ke saro mata sababbi, in ya tambayi ina na da, ta ce gara ta ci. Nunannun kuwa mu biyu ke farfasa su mu kawo gida a kwando, ganye a sama.

Ba a san darajar randar ba sai shekarar da shanu suka ƙare. Wanda ya gani ba zai manta ba. Garke guda ya kwanta a bakin rijiya ya kasa tashi, ungulu suka ƙoshi har ba sa iya tashi sama, Fulani masu shanu ɗari suka wayi gari da sanda kawai. Nono ya ɓace daga kasuwa, yaran da aka yaye suka fara kumbura. A lokacin ne Bafulatanar nan ta shigo gidanmu da 'yarta a goye, mijinta ya bi daji yana kiran shanunsa da sunayensu, ba a sake ganinsa ba. Iya ta duba ƙafar yarinyar, ta danna da yatsa, ramin ya zauna. Ta ce, "Nawa garken bai mutu ba. Zauna." Ta ba su rabin ɗakinta.

Da yarinyar ta fara zama da kanta, uwar ta ce, "Inna, mene ne a cikin kunun nan?" Iya ba ta yi mata ƙarya ba, ta kai ta bayan ɗaki ta ɗaga faifai. Matar ta fita da gudu ta yi amai, ta goya 'yarta ta bar gidan. Washegari da yamma sai ga ta a bakin ƙofa, kai a sunkuye. "A ba ta," ta ce. "Ni dai kar in gani." Iya ta ɗauko ludayi. Bayanta wasu da yawa sun zo, galibi ta ƙofar baya, suna roƙon kada a faɗa. Iya ba ta taɓa karɓar ko zangarniyar gero a wurin kowa ba, ba ta kuma taɓa tona wanda ya zo ba, ko da ta ji shi a bakin rijiya yana kiranta ƙazama.

Kada a ɗauka waliyiya ce. Tana da rowar gishiri, tana da baƙar magana, in ta yi fushi da kai sai ta kwana biyu tana magana da randarta a kanka kana ji. Amma lokacin da na sami ciki yarona bai isa yaye ba, mata suna nuna ni da baki, ɗanta ta kira ta wanke shi tas, ni kuwa ko kallon banza ba ta yi mini ba. Dole na cire yaron daga nono. Ba saniya a gari, awakinmu sun ƙafe, kunun gero kawai. Kafin bazara ta kai tsakiya ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja, ya daina wasa. Iya, wadda ke kiransa angonta, ta ɗora shi a cinya ta ce, "Ango, ba ka isa ka bar ni da takaba ba," ta fara ba shi kununta. Kumburin ya fara saɓewa. Ya kai ga yana dafa gwiwarta ya miƙe tsaye, yana ja mata leɓe tana zaginsa. Itacen cikin randa ya yi ƙasa, ta ce mini akwai waɗanda suka nuna a kwari, jibi ko gata mu je mu kwaso. Washegarin ranar ta nemi ruwan nan, ta cika.

Mata ba sa zuwa maƙabarta. Ina cikin ɗaki ana wanka ana ɗinkin likkafani, kaina bai kawo maganar itace ba ko sau ɗaya, wa ke tuna itace gawa na kwance a gabansa? Sai bayan sadakar uku na kara kunne a randa, na ji cin ya ragu, na ɗauki kwando na gangara kwari. Na tarar da ramuka a jere cikin ƙasa, kowanne da zoben tokarsa, da sawun jaki. Ba a bar ko ɗaya ba.

Na sami Kawu a rumfarsa. Da ya gan ni sai fuskarsa ta ɗan saki, karo na farko tun rasuwar. "Na cika mata wasiyya," ya ce. "Da hannuna na jera mata su a kabari. Na ce kar a bar ko guda, nata ne, ta wahala a kansu." Rashin sani ya fi dare duhu, kuma wannan rashin sani Iya ce da kanta ta shuka shi. Na gaya masa gaskiya tun daga ranar kasuwar nan. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya sauka daga kan gungumen da yake zaune ya zauna a ƙasa, yana ta maimaita, "Yaya, Yaya, me kika sa na yi?"

A ranar na durƙusa gaban maigidana, abin da ban taɓa yi don roƙo ba.

"Gumagumai biyu kawai," na ce. "Daga wajen ƙafa. A sa wasu a madadinsu."

"Ki ce in tone uwata?"

"Ba ita za ka taɓa ba. Dubi ɗanka."

Ya dubi yaron ya daɗe. "In na ɗaga itace ƙasa ta zuba mata a jiki. Da wane ido zan dubi mutane, da wane ido zan dubi Allah? Kar ki sake mini wannan magana." Ya fita yana share fuska da hannun riga. Na san ba wani namiji a garin nan da zai yi abin da na roƙa. Duk da haka na ji haushinsa, kuma har yau bai gama fita daga raina ba.

Kawu ya ajiye gizago ya shiga daji da jakinsa. Ya kai Bune, ya kai Kelle, ya bi duk kwarin da ya sani, yana dawowa da kaya yana saukewa a gabana. In sa farce, in ja, in kai hanci. Wannan ja ne. Wannan gara. Wannan goriba. Wannan busasshe ne ƙayau, ko gatari ya sha wuya. Tsoho mai furfura ya koma yana sunsunar itace a hanya kamar wanda ya zautu, yara na binsa. Ruwa kuma ya ƙi zuwa. Da na rasa yadda zan yi na zuba wa gwazarmar na goriba, ba su ci ba. Suka riƙa haurowa sama, abin da ba sa yi sai in yunwa ta kai musu, suna motsi a hankali, fatarsu ta yamutse. Na gasa su, kasko ko naso bai yi ba. Bafulatanar nan ta koma ta jawo mana akuya tun daga Alakos, amma babu ciyawa, hantsarta ta ƙafe a hanya.

Daga ƙarshe iri kaɗai ya rage, wanda Iya ba ta taɓa ko a shekarar shanu ba. Na san in na gasa su kiwon da ya taho tun daga kakarta ya ƙare a hannuna, duk yaron da za a kawo gobe babu abin ba shi. Na gasa su. Uwar da za ta zarge ni ta zo ta faɗa a gabana. Washegari na kara kunne a randa don sabo, ban ji komai ba sai numfashina.

Ban ce da an samu itacen da yarona ya rayu ba. Allah ke rayawa, Allah ke kashewa. Amma na ga kumburin nan yana sauka da idona, na kuma ga ya dawo. Ya riƙa rarrafawa zuwa bakin ɗakin Iya yana neman gwiwar da zai dafa, daga baya rarrafen ma ya gagara. Ya rasu da safe, hadari yana haɗuwa a gabas.

Maza suka tsaya a tsakar gida suna shawarar itacen rufe rami. Kawu ya miƙe zai je nema. Na ce musu ta bayan danga, "Ku ɗauki randar." Ana rufe ƙaramin kabari da fasasshiyar tukunya, kowa ya sani. Suka tono ta, suka zubar da ɗan garin itacen da ya rage, Kawu ya buga ta da bayan gizago a kan tsohuwar tsagar, ta rabe biyu. Rabi biyun sun ishe shi. Suka kwantar da shi kusa da kakarsa, kafin su iso gida ruwan fari ya sauko.

Na haihu cikin damina, mace. Tana nan tana shan nono, ni kuwa ina kallonta ina tunanin ranar yaye. Kawu ya binne sababbin gumagumai a kwari, amma babu guntun tsohon mai fari da za a cusa musu, babu ƙwaro ko ɗaya, kuma yanzu kowa ya san ba na kabari ba ne, an riga an zare biyu. Ramin da randar ta bari a bayan ɗaki yana nan, ban yarda a cike shi ba.

Kwanan baya maigidana ya je ziyarar maƙabarta. Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi zama. Ya ce ruwa ya zaftare gefen kabarin Iya kaɗan, bakin gungume ɗaya ya fito, laimar kwaɗi ta rufe shi, da ya je gyarawa guntu ya biyo hannunsa. Ban san lokacin da bakina ya tambaya ba.

"Ja ne ko fari?"

"Fari ne tas," ya ce. "Shina ƙamshin ruwan fari. Na mayar, na rufe da ƙasa."

Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mata ƙaryar nan guda da ta yi don 'ya'yan mutane, ya yalwata mata makwanci. Ya sa angonta yana can dafe da gwiwarta, a tsaye.